Hukuncin Gyaran Tsofaffin Taraktocin Lambu Don Sha'awa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Indiyana ta Amurka. A nan akwai masu sayen tsofaffin ƙananan taraktocin lambu, irin waɗanda ake hawa a yanke ciyawa ko a ture ƙanƙara, su gyara su koma kamar sababbi. Ni ma abin ya shiga raina, yanzu ina da uku a gareji: John Deere 110 ɗaya da Wheel Horse biyu. Ba noma nake yi da su ba. Uwargida ta ce almubazzaranci ne. Shin haka ne? Akwai zakka a kansu? Kuma in zan sayar, dole sai na faɗi duk abin da na canza?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Asali a sha'anin duniya shi ne halacci, sai in dalili ya zo da hani, kuma babu hani a nan. Mutumin da ya ɗauko ƙarfen da tsatsa ta ci, ya kankare shi, ya wanke kafireta, ya sauya ringi har inji ya tashi, bai tozarta dukiya ba, ceto ta ya yi daga hannun 'yan gwangwan. Shi kuwa samun nishaɗi a cikin halal, Annabi (SAW) ya ce wa Hanzala, kamar yadda Muslim ya ruwaito: "sa'a da sa'a", wato lokaci don ibada, lokaci don harkokin duniya.

Sai dai kada ka yi saurin watsi da maganar iyalinka. Ayar Suratul Furƙan ta 67 ta yabi masu ciyarwa tsaka-tsaki, kuma tsaka-tsakin kowa gwargwadon aljihunsa ne. In cefane bai ragu ba, ba a bin ka bashi, iyaye a gida suna samun abin da ka saba aikawa, salla ba ta wuce ka kana ƙarƙashin tarakta, to babu laifi. In ɗaya daga ciki ya taɓu, gaskiya tana wurinta. Sau da yawa ma ba kuɗin ne ke ci wa mace rai ba, Asabar da Lahadin da gareji ya cinye ne.

Zakka tana bin niyyarka ranar saye. Abin da ka saya don ajiyewa da jin daɗi babu zakka a kansa ko nawa ya kai, saboda hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim cewa babu sadaka a kan Musulmi a bawansa da dokinsa. In daga baya ka sayar, a mazhabar Malik sai kuɗin ya shekara a hannunka, ya kuma kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinare, sannan ka fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Wadda ka saya da niyyar gyarawa ka jira ta yi tsada, hajar kasuwanci ce: Malikiyya sun ce zakkar shekara ɗaya za ka fitar ranar da ka karɓi kuɗin, matuƙar jarin ya shekara kuma kuɗin ya kai nisabi, sauran mazhabobi kuwa sun ce a ƙiyasta ta kowace shekara. Wanda ya haɗa niyya biyu, ya more ta kuma ya sayar in ya ga riba, abin da aka rinjayar a wurinmu Malikiyya shi ne kasuwanci ce.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi ba ni tsoro, domin a nan ƙafa ke zamewa. Mai sayen irin wannan kaya ba aikin injin kaɗai yake biya ba, asalinsa yake biya. John Deere 110 ta fara fitowa a 1963 da injin Kohler mai ƙarfin doki 7, ta shekarar da ta biyo baya kuwa doki 8 ne, kuma masu tara su sun fi daraja ta shekarar farko. Saboda haka wanda ya ɗora wani inji ya yi shiru, ko ya ciro farantin lambar wata ya manna wa wata, ya ci kuɗin abin da bai sayar ba. Haka wanda ya yi walda a tsagar gangar jiki, ya shafe da koren fenti don kada a gani. Wannan ɗan'uwan ɗaure hantsar akuya ne don a zaci mai nono ce, wanda Annabi (SAW) ya hana, ya kuma bai wa mai saye zaɓin mayarwa. Ka tuna lokacin da ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi.

Ma'aunin shi ne duk abin da zai rage farashi ko ya sa mai saye ya ja baya in ya sani, wajibi ne ka faɗa: inji, giya, walda, kayan gyara na kwaikwayo da ba na kamfani ba. Fulogi, bel, mai da batir, waɗanda kowa ya san ana sauyawa, ba dole ba ne sai in an tambaye ka. Cewa "yadda ka gani haka ka saya" ba ya wanke ka daga aibin da ka sani ka ɓoye. Ka riƙa ɗaukar hoto kafin fenti, ka ajiye rasit, ka miƙa wa mai saye tare da mabuɗi.

Wallahu a'alam.