Amsa kan sauraron faifan CD da injin tsohuwar kwamfuta

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko injin karanta faifai da ka ciro daga matacciyar kwamfutarka zai iya aiki shi kaɗai, don ka riƙa sauraron faya-fayan karatun Alƙur'ani da ka tara. Zai iya, amma ba kowane inji ba, saboda haka kafin ka kashe ko dala ka fara duba fuskarsa.

Wanda ake nema shi ne tsohon samfurin IDE, mai faffaɗan soket a baya, wanda a gabansa akwai ramin abin saurare na kunne, da ɗan gare-garen ƙara murya, da maɓalli biyu: ɗaya na fito da faifai, ɗaya na kunnawa da tsallakawa gaba. Idan maɓallin ɗaya ne tak, to umarnin kwamfuta yake jira, kuma ban ba ka shawarar wahala da shi ba. Na sabon samfurin SATA kuwa, masu siririn soket, galibinsu ba su da mafitar sauti. Na sha tsintar masu maɓalli biyun a kasuwar Katako nan Yamai, cikin tarkacen kwamfutoci.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen wuta. Injin yana buƙatar ƙarfi iri biyu a soket ɗinsa mai fil huɗu: waya rawaya bolt 12, ja bolt 5, baƙaƙe biyun na tsakiya kuma na ƙasa ne, wato nagatib. Duk wanda ya juya rawaya da ja, nan take zai ji ƙauri, injin kuma ya tafi ke nan. Hanya mafi aminci ita ce akwatin wutar kwamfutar kansa. Idan akwatin ATX ne, wato samfurin da ba ya tashi sai kwamfuta ta ba shi umarni, sai ka haɗa koriyar wayar babban soket da baƙa ɗaya, zai tashi. Kada ka jona injin kai tsaye da batirin sola, domin lokacin caji yakan haura bolt 14.

Sautin da ke fita ta bayan injin, daga wani ƙaramin soket mai fil huɗu daban da na wuta, ya fi dacewa da amfilifaya, a ganina ma ya fi na gaba tsabta.

Sai dai ka tabbata faya-fayanka na sauti ne na asali, masu ɗaukar minti 74 ko 80, domin wanda aka cika da MP3 injin ba zai fitar da muryarsa ba. Idan kuma ya fara tsalle a lokacin hunturu, ƙura ce ta rufe idon da ke karanta faifan, sai ka goge shi a hankali da auduga.