Farin ruwan inabi na biki: tsadar kwalba ita ce ingancinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai girkin biki ce a Tudun Wada, Zariya. Yanzu kusan kowace dina sai uwar amarya ta ce a jera farin ruwan inabi mai kumfa, marar giya, a kan tebur. Na shiga kasuwar Sabon Gari na tarar wata kwalbar ta ninka wata sau uku a kuɗi, mai shagon ya ce ai 'yar Faransa ce. Yaya zan gane mai kyau kuma mai sauƙin kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a sana'a. Idan kika ɗauki kwalba, ki juya bayanta kafin ki kalli gabanta. Gaban ado ne, takardar zinare da sunan da baki ba ya iya faɗa. A baya ake rubuta gaskiya.

Mu fara da maganar Faransa. Kwalba mai kumfa da mutanenmu ke kira shamfen ta samo suna ne daga yankin Champagne, kuma a dokar Turai giyar da aka yi a wannan yanki kaɗai ke da ikon ɗaukar sunan. Wato ainihin shamfen giya ce, ba ta teburinki ba ce. Abin da ya rage wa marar giya shi ne kwaikwayon sura: kwalba mai kauri, murfi mai waya, rubutun Faransanci. Sau da yawa kuɗin wannan kamannin kike biya.

Inabi kuwa bai san suna ba. Sifaniya ce ta fi kowace ƙasa faɗin gonakin inabi a duniya, kuma a yankin La Mancha da ke kudu da Madrid, inda zafi da fari suka yi yawa, ana noma wani farin inabi mai suna Airén da yawan gaske. Shi ya sa ruwansa ke da araha. Ɗanɗanonsa ba mai hayaniya ba ne, zaƙi da ɗan tsami kaɗan, yana tafiya da soyayyar shinkafa da kaza ba tare da ya danne su ba. Sai Afirka ta Kudu, yankin Western Cape, inda farin inabi mai suna Chenin Blanc ya fi kowane iri yawa a gonaki. Akwai kuma wani da suke kira Hanepoot, dangin inabin Muscat, mai ƙamshi kamar fure. Ni dai in na ga sunansa a kwalba ba na wucewa, domin da an buɗe murfin ƙamshin ke isa hanci tun kafin kofi ya kai baki. Waɗannan wurare ba su da kwarjinin Faransa a bakin 'yan kasuwa, don haka ba a ɗora musu kuɗin suna.

Ga inda nake so ki natsu sosai. Kalmar "marar giya" ta rufe kaya iri uku. Akwai tataccen ruwan inabi da bai taɓa tsimuwa ba, aka sa masa iskar gas don ya yi kumfa. Akwai wanda aka bari ya zama giya tukuna, sannan aka cire barasar da na'ura. Shi ne za ki ga an rubuta "dealcoholised", kuma a Turai an yarda ya riƙe barasa har kashi 0.5 cikin 100. Hukuncinsa na malamai ne, amma shawarata ki bar shi a shago. Taron biki a Zariya ba wurin da za ki sa wa baƙon mutane kokwanto ba ne, kuma sunanki ne a kan abincin. Na uku shi ne ruwa da sukari da ƙamshin roba, an ɗiga masa inabi kaɗan. Ki duba jerin kayan haɗi: abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki. In kika ga ruwa a farko, sukari na biye, lemon kwalba ne ya sa babbar riga.

Lambar NAFDAC da ranar lalacewa kuwa ba sai na faɗa miki ba.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne ajiya. Zafi da hasken rana suna kashe farin ruwan inabi da wuri. Ki ɗaga kwalbar sama ki duba: mai lafiya launinsa fari-fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, wanda ya sha rana a bakin shago kuwa yakan koma kamar shayin da aka manta a kofi. Ki ce a ɗauko miki katan daga can cikin sito. Ki sayi kwalba ɗai-ɗai iri uku, ki sa a firji su yi sanyi sosai, ki ɗanɗana da yaran aikinki ba tare da sun ga takardar ba, sannan ki yi sari. Sanyin yana da muhimmanci, domin ruwan inabi zalla na ɗauke da sukari wajen giram 15 a kowane mililita 100, in ya yi ɗumi sai ya gundure.

Kuma Hajiya, ga inabi a bayan gidanki. Ana noma shi a ƙaramar hukumar Kudan, wajen Hunkuyi, tafiyar da ba ta kai ta gajiya ba daga Zariya. Lokacin kakarsa ki gwada tatsa da kanki don ƙaramar walima. Ko baƙin inabi kika samu, yawancinsa launin a ɓawo yake. In kika matse a hankali kika tace nan take, ruwan zai fito da haske. Sai dai ki tatsa ranar taron, ki ajiye cikin ƙanƙara, domin a zafin garinmu ɗanyen ruwan inabi yana fara tsimuwa da kansa in ya kwana a waje.