Ducati, Guzzi ko Vespar Baba? Amsoshin tambayoyinku kan baburan Italiya

Jama'a sallama. Tambayoyin wannan karon kusan duk kan baburan Italiya suka taru, to na tsinci guda huɗu, sauran a yi haƙuri sai wani jiƙon.

Ta farko daga wani matashi ce a Kano. Ya ce: "Yallaɓai an turo min hoton Ducati Monster 796 daga Legas, jan nan, na Beljiyam ne bai taɓa hawa titin Najeriya ba, mai shi ya ce kilomita 9,000 kacal ya yi. Kuɗina sun kai. In saya ko in haƙura in nemi na Japan?"

Ɗan'uwa, kilomita 9,000 ɗin nan da ta burge ka ni ita ce ta fara ɗaga min hankali. Monster 796 tsakanin 2010 da 2014 aka yi shi, kaga ko na ƙarshen ne ya haura shekara goma, babur ɗin da ya yi wannan shekarun da 'yar wannan tafiyar ai zaman gareji ya sha, kuma shi Ducati zama yana cinsa kamar yadda tafiya take cinsa. Dalili kuwa bel. Baburan da muka saba da su irin su Bajaj sarƙa ce a cikin inji take juya sandar da ke buɗe bawul, shi wannan bel ɗin roba ne mai haƙora guda biyu, kowace silinda da nata, kuma ƙa'idar masu irin wannan injin shi ne a canza su duk shekara biyu ko kilomita 24,000, duk wanda ya riga zuwa. Roba ba ruwanta da ko ka hau ko ba ka hau ba, tsufa take tana bushewa. Ranar da bel ya tsinke kana cikin gudu fistin zai haɗu da bawul, daga nan kuma ba maganar sabis ake ba, maganar sauke inji ake.

Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa mai babur ɗin, yaushe aka canza bel, ina shaida. In ya fara kame-kame ka ɗauka ba a taɓa canzawa ba, ka cire kuɗin a ciniki, kuma kada ka yarda wani ya yi ta murza masa totur don ya burge ka da ƙara kafin a canza.

Sai maganar da ta sa Ducati ya zama Ducati, wato desmo. A sauran injina sifirin ne yake mayar da bawul ya rufe. Injiniyan kamfanin, Fabio Taglioni, tun 1956 ya sa wani tsari a babur ɗinsu na tsere inda hannu ɗaya na ƙarfe yake tura bawul ya buɗe, wani hannun daban ya jawo shi ya rufe, don kada bawul ya yi lilo idan inji ya ɗau gudu sosai. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma kai da za ka biya kuɗin gyara ga abin da ya shafe ka: kowane bawul tazara biyu ake aunawa, ta buɗewa da ta rufewa, kuma ba da sifana ake ɗaurewa ba, wasu 'yan ƙananan ƙarafa ne masu kauri daban-daban ake cirewa a sa wanda ya dace. 796 bawul huɗu gare shi, awo takwas kenan, duk kilomita 12,000. Shi kansa bel ɗin ba da ido ake ɗaure shi ba, kaɗa shi ake da yatsa a auna sautin da ya bayar, yanzu har da waya ana yi, adadin yana cikin littafin gyaran babur ɗin. To yanzu ka faɗa min tsakani da Allah, a garin da kake wa zai yi maka wannan? Ba raina makanikanmu nake ba, akwai masu basira sosai, amma wanda bai taɓa buɗe desmo ba kada babur ɗinka ya zama allon koyonsa. Ka nemo mutumin tukuna, ka zauna da shi, ka ga kayan aikinsa, ka ji ta ina yake samo bel da filta da kwana nawa suke yi kafin su iso. In babu shi, ko dai kai ka shirya koyo da kanka da haƙuri, ko ka bar kuɗinka a aljihu.

In ka je gani kada ka tsaya kallon fenti. Ka tsuguna ka karanta gefen taya, akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye, misali 2317 na nufin sati na 23 na shekarar 2017, taya mai shekaru da yawa ko zanenta bai cinye ba ta mutu. Ka duba tankin, na roba ne, kuma a Amurka masu Ducati na wannan zamanin sun sha kuka da kumburin tanki saboda sinadarin etanol da ke cikin fetur ɗinsu har sai da aka je kotu, in ka ga tankin ya matse da wuyan babur ko ya yi ƙwanƙwasa-ƙwanƙwasa to ka san inda aka dosa. Mukullai kuma ka karɓi duka tare da katin lambar sirri, domin mukullin yana da na'ura a ciki, in ya ɓata ba wajen mai yankan mukulli na bakin kasuwa za ka ba. Waɗanda suka girme shi, na farkon shekarun 2000, har da wani jan mukulli suke zuwa, wanda ya sayi irinsu babu jan ya sayi ciwon kai. Sannan takardun kwastan, wannan ba sai na faɗa ba.

Da zafi. Iska ce take sanyaya injin nan, babu lagireto na ruwa, kuma silinda ɗaya a ƙarƙashin mazauninka take. A buɗaɗɗiyar hanya lafiya lau, amma ka shiga cunkoson Kano da rana tsaka a watan Afrilu cinyoyinka za su ba ka labari. Filtar iska lokacin hunturu sai ka ninka dubawa saboda ƙura, fetur kuma littafin mai ƙarfin 95 ya nema, don haka kai da 'yan bunburutu kun raba gari. In babur ɗinka na farko ne mai girma, kuma shi kaɗai za ka dogara da shi, ni dai na Japan zan ce, Suzuki SV650 ma silinda biyu gare shi masu siffar V kamar Ducatin kuma ba ya neman rabin wannan hidimar. In kuma kana da wani abin hawan, wannan na ranar Lahadi ne, kana da makaniki, to bismillah, babur ne mai daɗi da sauƙin nauyi.

Ta biyu wani bawan Allah ne ma'aikaci a Abuja, ya ce shi ya kusa ritaya, ba gudu yake so ba, yana son babur ɗan Italiya da zai riƙa gyarawa da hannunsa a tsakar gida, wanne zai nema?

Ranka ya daɗe ai kai Moto Guzzi aka yi wa. Tun 1921 suke ƙera babur a wani ƙaramin gari, Mandello del Lario, a bakin tafkin Como, har yau kuma a can suke duk da Piaggio, kamfanin da ke ƙera Vespa, ya saye su a 2004. Fasalin injin da aka san su da shi daga V7 na 1967 ya samo asali, silinda biyu sun leƙo dama da hagu a gaban gwiwoyinka, iska tana dukansu kai tsaye. Amfanin wannan gare ka shi ne komai a fili yake. Ka sa kujera 'yar tsuguno a gefen babur, ka kwance ƙusoshin murfin kan silinda, ga bawul nan suna kallonka, ka zura siririn ma'aunin tazara, in ya yi sako-sako ka sassauta noti da sifana ka juya da sukundireba ka ɗaure, shi kenan, sai ka zagaya ɗaya gefen. Duk kilomita 10,000 ake yi kuma inji ya kwana da sanyi. Ba sai ka ɗaga tanki ba, babu bel, babu ma sarƙa a baya domin sandar ƙarfe ce take kai ƙarfi ga taya irin na mota, wanda duk mai wanke sarƙa lokacin ƙura zai san darajar wannan.

V7 na zamani zan ce ka nema, mai 744cc ko wanda aka fara a 2021 mai 853cc. Tankinsa babba ne, Abuja zuwa Kaduna ba ka tunanin gidan mai. Amma ka riƙe abu uku a ranka. Mai kala uku yake sha, na inji daban, na giya daban, na can baya wajen taya daban, mutane suna juye na inji su manta da biyun. Na injin 10W-60 ne, ba kowane shago ke da shi ba, kuma kwanon man ƙarami ne kusan lita biyu, saboda haka dubawa kafin doguwar tafiya wajibi ne. Na ukun kulocinsa, busasshe ne irin na mota yana tsakanin inji da giya, yana daɗewa amma ranar da ya ƙare sai an raba babur biyu, don haka ka gwada shi da kyau kafin ka biya. In wani ya kawo maka manyan, Griso ko Stelvio masu 1200 da bawul takwas na wajen 2008 zuwa 2012, ka tambaya ko an yi musu canjin nan na ƙarafan da ke tura bawul zuwa masu gangara, na asalin suna cinyewa su lalata inji.

Kuma in ka tada shi yana tsaye ka ba shi wuta za ka ji ya ɗan karkata dama. Ba lalacewa ba ce, halinsa ne.

Ta uku gajeruwa ce, wani ya ce abokinsa yana masa dariya wai Benelli TRK 502 da yake shirin saya ɗan Chana ne. Abokinka bai yi ƙarya ba, kai ma ba ka yi asara ba. Benelli a garin Pesaro aka kafa shi 1911, kamfanin Qianjiang na Chana ya saye shi a 2005, zane a Italiya ƙira a Chana. Su kansu Italiyawan sun yi shekaru suna sayen TRK 502 fiye da kowane babur a ƙasarsu. Nauyi gare shi, ya haura kilo 200 sosai kuma ƙarfin bai taka kara ya karya ba, in kai gajere ne ka hau ka gwada saukar da ƙafa tukuna. In suna kake nema a majalisa ba shi ba ne, in tafiya kake so da sauƙin kuɗi ba laifi.

Ta ƙarshe ita ta fi taɓa ni. Wata baiwar Allah daga Zariya ta ce mahaifinsu ya rasu ya bar tsohuwar Vespa a zaure, ta fi shekara ashirin ba a tada ta ba, 'yan gwangwan sun yi tayi, ƙaninta kuma yana so a gyara. Su sayar ko su gyara?

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Hajiya kada ku ba 'yan gwangwan, wannan kam ko kusa, in ma rabon gado ne ya sa dole a sayar to a nemi masu sha'awar tsofaffin Vespa su yi mata kuɗi, ba a auna ta a sikeli ba. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san zamanin da malamin makaranta da ma'aikacin En'e da ɗan kasuwar kanti Vespa ce abin hawansu, babbar riga ta zauna daram domin babu tanki a tsakanin ƙafafu. Wanda ya zana ta a 1946, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne da ba ya son babur saboda datti da wahalar canza taya, shi ya sa ya rufe injin ya kuma sa taya tana fita ta gefe ɗaya. Keke Napep ɗin da kike hawa ma jikan gidan ne, daga Ape mai ƙafa uku da Piaggio ya fitar a 1948 aka samo shi.

Ƙaninki ya fara da kwantar da ita ya leƙa ƙarƙashin inda ake ajiye ƙafa. Vespa ba ta da wani ƙashin baya na bututu, jikin ƙarfen nan shi ne ƙashinta, in tsatsa ta huda tsakiyar ko ya ga ta lanƙwashe, aikin ya zama na mai walda ƙwararre kuma kuɗin zai yi yawa. In wurin da ƙwari, sauran duk mai sauƙi ne, kuma busasshiyar iskar arewa takan taimaka a nan. Ya nemo lambar jiki ya karanta farkonta, VBC1T Super 150 ce mai ƙananan tayu inci 8, VLB1T Sprint ce, VLX1T kuma PX 150, daga jerin PX da ya fara fitowa 1977. Da wannan lambar ake sayen kaya ba da hoto ba. Kayan ma ba su yi wuya ba domin Indiya ta daɗe tana ƙera irinsu, Bajaj Chetak daga Sprint aka kwafo, LML kuma daga PX, da yawa suna shiga, sai dai ingancin ya bambanta.

Kada ya yi garajen buga kik. A cire filogi a zuba ɗan mai a bar shi ya kwana biyu, a wanke tanki da kafireta, a canza robobin da ke riƙe mai a gefen karanshaf domin sun bushe tabbas kuma in suna shan iska inji zai yi zafi ya kama, a sa sababbin wayoyin giya da kuloci da birki, tayu da tiyub sababbi. In giya tana fita da kanta wani ɗan ƙarfe ne mai siffar kuros a ciki ya cinye, ba shi da tsada. Man haɗi kashi biyu cikin ɗari, wato mililita 20 na 2T a kowace litar fetur, ba baƙin man mota ba kamar yadda wasu suke yi. Fenti kuwa in na asali ne ko ya koɗe a bar shi, a wanke a goge kawai, masu saye sun fi daraja shi a haka fiye da sabon feshi. Kuma birkin tsohuwar Vespa ba irin na yanzu ba ne, ya sayi hular kwano ya fara koyonta a layin unguwa kafin ya hau titin Sabon Gari.