Korona: Wai yaudarar mu aka yi?

Tambaya: Salam Anti. Don Allah wai da gaske korona ta yi ɓarna a Najeriya ko 'yan jarida ne suka kambama ta? Maigidana har yau cewa yake duk neman kuɗi ne, tunda an kulle mu a gida ba abinci, sai ga shi a Oktoban 2020 an fasa sito a Bukuru, ga kayan tallafi nan jibge.
Wata uwa, Unguwar Rogo, Jos

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Cutar dai gaskiya ce, ita ta kashe Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa na lokacin, a Afrilun 2020, kuma ai ba talaka ba ne balle a ce ya rasa asibiti. Amma haushin maigida ma yana da tushe. An ba da umarnin rufe Abuja da Legas da Ogun daga ranar 30 ga Maris, 2020, kullum Boss Mustapha, Sakataren Gwamnatin Tarayya na lokacin, da kwamitinsa na yaƙi da korona suna talabijin, hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, na sakin alƙaluman masu cutar cikin dare, jaridu kuwa kwafa kawai suke su buga, ba kowa ke zuwa ya tambayi mai tura baro a kasuwar Taminus ta Jos yadda zai ci abinci ba, to mutumin da bai taɓa ganin mai cutar ba amma yunwa na cikin ɗakinsa me kike so ya yarda da shi? Nan WhatsApp ya samu shiga, yau a ce 5G ce ke kawo cutar, gobe a ce tafarnuwa ce maganinta. Ɓoye tallafi abin kunya ne wallahi, sai dai bai goge waɗanda suka mutu ba. Ki faɗa masa haka cikin lalama, ban ce ku yi faɗa ba.