Za a kai mahaifiyata Jidda da bizar ziyara ta jira aikin Hajji. Garin zai zaunu?

Tambaya: Assalamu alaikum Alhaji. Mahaifiyata shekarunta 67, ba ta da burin da ya wuce ta sauke farali, kuɗin kujera a hukumar alhazan jiharmu kuwa ya fi ƙarfinmu. Wani ejan ya ce zai samo mata bizar ziyara a ƙasa da rabin kuɗin, ta tafi tun cikin Shawwal ta zauna a Jidda wajen wata 'yar garinmu, in lokaci ya yi akwai masu shigar da mutane Makka. Ya ce ai Jidda da Makka kusan gari ɗaya ne. Mun ba da kafin alƙalami, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Yaya garin yake? Tsohuwa mai hawan jini za ta iya zaman wata biyu a can? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri. Rashin kwanciyar hankalin nan naka yana kan hanya, kada ka bari a lallashe ka. Zan fara da garin tunda shi ka tambaya, amma ba a nan matsalar take ba.

Jidda gari ne da ya miƙe a gaɓar Bahar Maliya, doguwa daga kudu zuwa arewa, teku ta yamma, duwatsu ta gabas. Ƙidayar 2022 ta ba ta mutum kusan miliyan 3.7. Tun da Sayyidina Usman ya mayar da ita tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, aikinta karɓar baƙi, shi ya sa babu irin fuskar da ba za ka gani ba a kasuwarta: Yamalawa, Indiyawa, 'yan Indunusiya, Sudanawa, da namu. Kakanninmu da suka taka a ƙasa ta Chadi da Sudan suka hau jirgin ruwa a Sawakin, nan suka sauka, da yawa ba su koma ba. Jikokinsu ne kake jin ana ce wa Hausawi da Fallata da Barnawi, da yawansu 'yan ƙasa ne cikakku. A cikin mutanenmu da ke garin, Inna za ta yi ciniki da Hausa, ta sami tuwo da miyar kuka da tsire. Kewar gida ba za ta dame ta ba.

Yanayi ne abin dubawa ga mai hawan jini. Zafin Jidda ba irin na Funtuwa ba ne da za ka shiga inuwa ka huta. Zafi ne mai laima, iskar teku ta jiƙe, gumi ba ya bushewa, da dare ma ba ya sauka sosai. Ɗakin da ba na'urar sanyaya ɗaki ba ya kwantuwa. Ruwan sama ba shi da yawa, amma in ya zo tsakanin Nuwamba da Janairu yakan gangaro daga duwatsu ya cika tituna. Ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009 ta kashe fiye da mutum 120, akasari a unguwannin talakawa.

To, mu zo ga maganar ejan ɗinku, wadda na gaji da jin ta, domin kusan kullum sai wani ya shigo mini ofis da ita. Wai Jidda da Makka gari ɗaya ne. A taswira gaskiya ne ba nisa, kilomita 80 ko ƙasa da haka, jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018 yana cinye tafiyar cikin kusan rabin awa. A doka kuwa ƙasa biyu ce a lokacin Hajji. Jidda kowa yana shiga, har wanda ba Musulmi ba. Makka daga 1 ga Zulƙida zuwa 14 ga Zulhajji a rufe take ga duk mai bizar ziyara, kowace iri ce. Shingen binciken jami'an tsaro na Shumaisi yana kan hanyar, kuma ba fasfo kawai ake dubawa ba, tasrihin Hajji, wato takardar izinin yin Hajji, ake nema, da katin Nusuk, katin shaidar da ake ba alhazan da suka zo bisa ƙa'ida. Bizar da zai samo mata, in ka karanta jikinta, za ka ga an rubuta ba a yin Hajji da ita. Shi ya san haka. Ku ne ba ku sani ba, kuma a kan rashin sanin naku yake cin abinci.

"Akwai masu shigar da mutane." E, akwai su, kuma ga yadda suke yi. Mai mota zai kwashe su da dare, ya karɓi kuɗinsa tun kafin a tashi, ya bi hanyar jeji. Kafin shinge sai ya tsaya ya ce kowa ya sauka, ya nuna musu wata fitila can nesa ya ce ku bi can, wata mota na jiranku a ɗaya ɓangaren. Wani lokaci tana jira, wani lokaci babu ita. Ka hango Inna da jakar magani a hannu da silifas a ƙafa tana hawa duwatsu cikin duhu, tana gudun jami'an tsaro da jirage marasa matuƙi da ake sa ido da su yanzu. A 2025 hukumomin Saudiyya sun ce sun mayar da mutum sama da 269,000 da suka yi ƙoƙarin shiga Makka ba tasrihi. Hukuncin da suka sanar a shekarar tara ce har riyal 20,000, a tasa ƙeyar mutum gida, a hana shi shiga ƙasar shekara 10. Wanda ya ɗauke shi ko ya ba shi masauki kuwa tararsa tana kaiwa riyal 100,000. Wato 'yar garinku da za ta yi muku kara, ita ma kun jefa ta cikin wuta, in tana da igama, wato takardar izinin zama, ta rasa ta, in ba ta da ita a haɗa su tarhil tare, inda ake tsare waɗanda za a kora gida.

Mu ɗauka ma ta tsallake ta shiga. Nan ne abin yake fi ba ni tsoro, kuma nan ne 'yan ejan ba sa kai labarin. Alhajin da ya zo ta hukuma yana da tanti a Mina mai sanyi, yana da mota zuwa Arfa, yana da abinci, yana da likitocin tawaga, sunansa yana cikin rajista, in ya ɓata akwai mai nemansa. Wanda ya shigo ta bayan fage ba shi da ko ɗaya. A ƙasa zai tafi Arfa, a ƙasa zai dawo Muzdalifa da Mina, a bakin titi zai kwana. In jiri ya ɗebe shi tsoron zuwa asibiti yake, kada a tambaye shi takarda, sai 'yan uwan tafiyarsa su yi ta yayyafa masa ruwa suna jiran ya farfaɗo. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka. Mutum 1,301 suka rasu, kuma ministan lafiyar Saudiyya ya ce kashi 83 cikin ɗari nasu marasa tasrihi ne, da yawa tsofaffi masu ciwon da suke fama da shi tun daga gida. Irin su Inna ke nan.

Na san amsar da ake bayarwa: ai mutuwa a can dace ce, kuma wance ta yi haka shekarun baya ta dawo da haƙorin Makka. Wance ta yi a zamanin da ake ajiye fasfo a ɓace cikin 'yan takari. Yanzu tun a filin jirgi an ɗauki zanen yatsunta da hotonta, kwamfuta ta san ranar da ta shigo da ranar da ya kamata ta fita. Batun dace kuma, Allah da kansa ya ɗora Hajji a kan wanda ya sami iko, kuma majalisar manyan malaman Saudiyya ta fitar da fatawa a 2024 cewa bai halatta a tafi Hajji ba tasrihi ba. Wanda bai sami halal ɗin hanya ba, farali bai hau kansa ba tukuna, ba shi da laifi a wurin Allah. Ejan da zai kawo muku aya don ya karɓi kuɗinku, ku tambaye shi ko zai tura tasa mahaifiyar ta wannan hanyar. Abin da ya fi ƙona mini rai, ranar da aka kama ta ko ta kwanta, wayarsa a kashe za ku same ta.

Ba na wanke tsarin hukuma. Kuɗin kujera ya yi tsada, faɗuwar naira ta ƙara dagula shi, kuma yadda ake sanar da wa'adin biya a ƙurarren lokaci shi ke tura talaka hannun waɗannan mutane. Amma maganinsa adashin gata na Hajji da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ke gudanarwa, a riƙa zubawa a hankali, ko kamfanin da ke cikin jerin masu lasisi na hukumar. Ka duba sunan ejan ɗinku a jerin. In babu shi, ka je da shaidu ka nemi kuɗinku tun bai ce an riga an tura ba.

In Inna ta matsu ta ga Ka'aba, ku kai ta Umara bayan an buɗe, da bizar Umara ta gaskiya, a watannin sanyi, Disamba ko Janairu. A lokacin ne ma Jidda take da daɗin gani. Ku ware mata yini guda: bayan la'asar a shiga tsohon gari, Balad, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014, ta ga gidajen da aka gina da dutsen teku masu tagogin katako, da gidan Nasif inda Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya karɓi garin a 1925. Ganuwar an rushe ta tun 1947, amma akwai Bab Makka da kasuwar da ke kewaye da ita don tsaraba, a nan kuwa sai an taya. Da magariba a wuce bakin teku ta ga maɓuɓɓugar Sarki Fahad tana feso ruwa sama fiye da mita 250. Magungunanta su kasance cikin kwalinsu da takardar likita, kuma ko wa ya roƙe ta a filin jirgi, kada ta riƙe wa kowa kaya, ko da ƙullin yaji ne.