Mawaƙan Turanci ba su iya nahawu ba ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Turanci ce a wata sakandare, 'yan aji biyar da shida nake koyarwa. Ɗalibaina kullum kunnensu na kan waƙoƙin Amurka da Ingila, har abin ya fara shiga rubutunsu, su "she don't" da "ain't". Kwanan baya wata yarinya ta tambaye ni ma'anar "We don't need no education", na ce mata korewa biyu in sun haɗu tabbatarwa suke komawa, don haka mawaƙin cewa yake muna buƙatar ilimi. Ta ce ba haka yayanta ya fassara mata ba. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Mawaƙan nan ba su iya nahawu ba ne? In hana yaran saurare ne, ga jarrabawar WAEC na tafe?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Yayan yarinyar ne da gaskiya. Layin nan cewa yake ba ma buƙatar ilimi, kuma da ƙarfi yake faɗa. Waƙar ta ƙungiyar Pink Floyd ce ta Ingila, ta fito a 1979, kokenta kuwa a kan malaman da ke wulaƙanta yara a aji ne. A 1980 gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta ta, bayan ɗaliban da ke ƙaurace wa makarantu sun riƙa rera ta. Da ɗaliban da hukumar, babu wanda ya ji ta a matsayin yabon makaranta.

Wannan magana ta korewa biyu ita ce ta fi damuna a aikin nan, don kusan kullum sai na ci karo da ita, a bakin malamai da a ƙananan littattafan shirin jarrabawa da ake sayarwa a bakin tasha. Yanzu kuma ga masu koyar da Turanci na minti ɗaya a TikTok da Facebook. Mutum zai tsaya gaban allo ya rubuta alamar ɗebewa sau biyu, ya ce ai ta koma tarawa, sannan ya yi wa mawaƙi dariya wai ya faɗi akasin abin da yake nufi. Wannan dokar lissafi ce, aka ɗauko ta aka ɗora wa harshe. Masu magana da harshen ba su taɓa fahimtar irin wannan jimla da wannan ma'ana ba. Da mawaƙin Amurka Bill Withers ya ce "Ain't no sunshine when she's gone" a 1971, babu Ba'amurken da ya fahimci rana na fitowa in matar ta tafi. Haka "I can't get no satisfaction" ta ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila a 1965, kukan rashin gamsuwa ne daga farko har ƙarshe.

Abin da ke faruwa shi ne, a karin harsuna da yawa na Turanci, in jimla ta zama korarriya, sai sauran kalmomin da ke cikinta su bi sahu. Inda daidaitaccen Turanci zai sa "any" sai su sa "no", inda zai sa "anything" sai su sa "nothing". Korewar guda ɗaya ce, ta bazu ne a jimlar. Haka Sifaniyanci da Rashanci suke yi a daidaitaccen harshensu. Mu ma da muke cewa "ban tafi ba", wa ya taɓa cewa "ba" ta biyu ta soke ta farko, ashe mutumin ya tafi?

Kuma tsarin ba baƙo ba ne a Turanci. Chaucer, marubucin waƙoƙin Ingila wanda ya rasu a 1400, ya jera kalmomin korewa har huɗu a jimla ɗaya yana yabon wani jarumi da cewa bai taɓa faɗa wa kowa mummunar magana ba. Akwai irinsa a wasannin Shakespeare. Daga baya masu rubutun Landan suka riƙa barinsa, sai a 1762 Robert Lowth, malamin cocin da ya zama bishop na Landan daga bisani, ya rubuta a littafinsa na nahawu cewa korewa biyu suna rushe juna. Littafin ya samu karɓuwa a makarantu, hujjar ta bi malamai har ta iso azuzuwanmu. Talakawan Ingila da baƙaƙen fatar Amurka kuwa suka ci gaba da magana yadda suka gada, kuma daga bakinsu kiɗan blues da rock da hip-hop suka ɗauki harshe. Binciken masanin harshe William Labov a unguwar Harlem ta New York, wanda ya fito a littafi a 1972, ya nuna Turancin baƙaƙen fata yana da ƙa'idojinsa tsayayyu. Misali, "he be working" tana nufin yakan yi aiki a kai a kai, ba wai yana cikin yi yanzu ba. Wanda ya gyara ta zuwa "he is working" ya canza ma'anar.

Akwai inda korewa biyu suke ba da tabbatarwa da gaske, kamar "not uncommon" ko "I can't not go". Waɗannan da gangan ake gina su, kuma ana ganewa daga inda mai magana ya danna murya. Ba su ne ke cikin waƙoƙin ɗalibanki ba.

Illar wannan kuskure na ɗora wa harshe dokar lissafi ba ƙarama ba ce. Yaro zai fassara magana a juye, gobe ya karanta hirar wani cikin labarin adabi ya ba da amsar da ta saɓa. Sannan muna koya masa raina mutane a kan harshen uwarsu. Mawaƙin Sakkwato ko Zamfara in ya ce "shina zuwa", ba ma cewa bai iya Hausa ba don littafin makaranta ya ce "yana zuwa". Me zai sa mu yi wa ɗan Jamaika haka? Samari nawa ne ke rubuta "No woman, no cry" a bayan babur da nufin in ba mace ba kuka? Alhali Bob Marley, a waƙar da ta fito a 1974, rarrashin mace yake yi da karin Jamaika, yana tuna mata zaman da suka yi a unguwar Trenchtown ta Kingston, yana ce mata kada ta yi kuka. Cikin waƙar ma ya ce "don't shed no tears", wata korewar biyu ke nan mai ma'ana ɗaya tak.

Shi "she don't" kuwa, ban da kasancewarsa kari, akwai awon waƙa. "She don't care" gaɓa uku ce, "she doesn't care" huɗu, kuma uku 'yan ƙungiyar Beatles ta Ingila suka ɗauka a wata waƙarsu a 1965.

Batun hana saurare, ba za ki iya ba Malama, wayar tana hannunsu bayan an tashi. Mai da waƙar darasi. Rubuta layin a allo, ki tambaye su me yake nufi, sannan su mai da shi daidaitaccen Turanci: "We don't need any education". Ki gaya musu ƙarara cewa na farkon harshen waƙa da hira ne a wasu al'ummu, na biyun kuma shi mai duba takardar WAEC da NECO yake so, kuma zai ja jan biro a ƙarƙashin "ain't" da "she don't" a insha'i ko wasiƙar neman aiki. Da layin da yarinyar nan ta kawo za ki fara, a gaban aji, ki kuma ce ta gaishe da yayanta.