Atomatik ba a jan ta tayoyinta na ƙasa

Kai yaro, ajiye wayar nan ka saurare ni, don ba zan maimaita ba. Ka ce ka ga Turawan Amurka suna ɗaura ƙaramar mota a bayan babbar motar nan tasu mai gado da kicin da banɗaki, tayoyinta huɗu a ƙasa, su yi ta keta jihohi da ita ba abin da ke samun ta. Shi ne kake tambaya ta me ya sa ni na hana a jawo mana mota atomatik da igiya ko daga Na'ibawa ne. Abin da ke damuna da ku yaran yanzu ke nan. Bidiyon minti ɗaya ya ishe ku ku fara tuhumar wanda ya tsufa a ƙarƙashin mota. Lokacin da muke koyo, in ubangida ya ce kada a yi abu, sai ka je ka kwance tsohon giyabos da hannunka har ka gano dalili, sannan ka dawo ka buɗe baki.

Dalilin yana cikin giyabos. Atomatik da man giya take rayuwa, kuma famfon da ke tura man nan yana bayan kwambata, abin da ke haɗa injin da giyabos, injin ne ke juya shi. Injin ya mutu, famfo ya tsaya. To kai kuma ka sa ta firi ka ɗaura igiya, tayoyi suna juyawa, suna juya shaf, shaf yana juya haƙoran ciki da faya-fayen kuloci, duk a bushe. Man yana kwance a tiren ƙasan giyabos, ba mai ɗaga shi, ba mai kai shi lagireto ya huce. Firi ta raba giyabos da injin ne kawai, ba ta raba shi da taya ba. Wannan shi ne abin da rabin masu kiran kansu kanikawa ba su sani ba har yau. Kana gudu, ciki yana dahuwa, kuma ba fitilar da za ta kama a dashbod ta gaya maka.

Tambayarka ta taso mini da wani miki, bari ka ji yadda wannan abu ya ci mini dukiya ba tare da na taɓa igiya ba. Akwai wani Alhaji, ɗan kasuwa, da na daɗe ina yi wa aiki, har gidansa nakan je in duba motocin iyalinsa. Wata rana da la'asar ya kira ni daga Zariya, wajen Kwangila, ya ce Camry ɗinsa ta mutu tana cikin tafiya, sitata tana juyawa amma ta ƙi tashi. Na ce a kunna makulli a kasa kunne wajen tanki. Direbansa ya ce shiru. Na ce, Alhaji, famfon fetur ne, ƙaramin aiki ne. Ko dai ku bar ta a gidan mai in turo yaro da safe da sabon famfo, ko ku nemi janwe ya ɗauko ta. Na ƙara da cewa, don girman Allah kada a ja ta da igiya, atomatik ce. Ya ce ya ji. Kalmar da ya faɗa ke nan, ya ji.

Da na zo da safe na tarar da motar a bakin gareji, maigadi ya ce cikin dare aka kawo. Na tambayi direban, ya ce a kan mota aka ɗauko ta. Na canza famfo, injin ya tashi lafiya lau. Na sa giyar gaba, mota ta yi ta kuka a tsaye. Da ƙyar ta ja jiki, ta yi fizga, ta sake saki. Na zaro sandar man giya na kai hanci. Man da ya kamata ya zama ja ya koma baƙi ƙirin, yana warin ƙonannen tuwo. Da muka sauke tire, garin faiba ne da ɓurɓushin ƙarfe kwance a ƙasa. Na leƙa ƙarƙashin bamba, ga gurzar igiya nan sabuwa fil a jikin ƙugiyar ja, har da zaren leda maƙale. Daga Zariya zuwa Kano ya haura kilomita 130. Nan take na san abin da aka yi.

Na kira shi cikin girmamawa na faɗa masa. Wallahi yaro, sai mutumin nan ya zama kamar bai taɓa sanina ba. Ya ce motarsa lafiyarta ƙalau ta shigo garejina, giyarta ba ta taɓa ko tari ba, yarana ne suka fita yawo da ita da dare suka ƙona ta. Motar da ba ta tashi! Na ce, Alhaji, da me za su yi yawon, da famfon da ya mutu? Ya ce shi bai san wannan ba, tun da a hannuna ta lalace ni zan biya, in ba haka ba mu haɗu a wajen hukuma.

Aka kai magana gaban dattawan sana'armu. Na kawo man a gwangwani, na kawo tiren, na nuna gurzar igiya. Duk wanda ke zaune a wurin ya san gaskiya, don hancinsu irin nawa ne. Amma direban ya tashi ya rantse cewa janwe ne ya ɗauko su, alhali ya kasa faɗin ko kalar janwen. Yaro ne mai iyali, abincinsa yana hannun Alhaji, ban riƙe shi a zuciya sosai ba. Dattawa suka ce ba ni da shaida, motar kuma ta kwana a wajena, a yi sulhu, in sayi giyabos shi ya biya kuɗin famfo. Wai sulhu ke nan. Suka ja ni gefe suka ce in yi haƙuri, mutumin yana da baki a kasuwa, in ya ɓata mini suna asarar ta fi ta giyabos.

A lokacin ina tara kuɗin kayan ɗakin yayarka, babbar 'yata, an riga an sa rana. Kuɗin nan na kwasa na tafi Ƙofar Ruwa. Na farkon da na samo, ɗan Beljiyam, da muka ɗaura yana zamewa a giya ta biyu, sai da muka sake sauke shi na mayar, aka yi ta ja-in-ja kafin a canza mini da ciko. Aikin hawa da sauka sau biyu, da mai, da gasket, duk daga aljihuna. Na sayar da babur ɗina na cika. Aka ɗaga biki, na je gaban surukai ina ba da haƙuri a kan laifin da ban yi ba. Ita uwar yarinyar ba ta ce mini komai ba, kuma shirun nata ya fi mini zafi. Alhaji ya zo ya karɓi motarsa, ya ƙirga kuɗin famfo cif ya miƙo, ko sannu babu.

Bayan an daɗe wani direban bas ya kawo mini gyaran birki. Muna hira ya ga wata Camry a rami, ya ce shi ma ya taɓa jawo irinta daga Zariya da dare, mai ita ya ce kuɗin janwe ya yi yawa, suka daidaita a kan kuɗin mai. Ya ce ya taka sosai don yana son ya iso kafin dare ya raba. Ya kwatanta mini motar da mai motar, har da garejin da suka ajiye ta, bai san a cikinsa yake tsaye ba. Na aika wa Alhajin saƙo ta hannun mutumin da yake jin nauyi. Amsar da ta dawo ita ce, abin da ya wuce ya wuce. A wajensa ya wuce. Ni har gobe in na ga mota irin wannan kalar raina yana ɓaci, kuma ban yafe ba, na bar shi da Allah.

Yanzu koma kan Turawanka. Abin da bidiyon bai nuna maka ba shi ne, ba kowace mota suke ja haka ba. Kafin mutum ya sayi ƙaramar motar sai ya bincika ko kamfanin ya yarda a ja ta tayoyi huɗu a ƙasa. Shi ya sa za ka ga yawanci Jeep Wrangler ce a baya. Tana da ƙaramin giyabos na biyu, mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, kuma shi ma yana da firinsa. In ka sa shi firi ka raba tayoyi da babban giyabos gaba ɗaya, sai su yi ta juyawa ba su taɓa shi ba. Honda CR-V ma an yarda a ja ta har ƙirar 2014, amma da sharaɗi. Sai ka tada injin, ka bi da liba ta kowace giya, ka tsaya a D, daga nan ka dawo firi, ka bar injin ya yi minti 3 yana aiki don mai ya zagaya, sannan ka kashe. Kada ka wuce kilomita 100 a awa, kuma duk bayan awa 8 na tafiya ka tsaya ka maimaita. In kuwa daga ribas ka shigo firi ka ja ta, ka kashe giyabos. Daga 2015 da suka sa mata giya mai bel, wadda ake kira CVT, suka janye izinin. Ka ce a ina na sani? A littafin motar. CR-V nawa 'yan Amurka suka shigo garejin nan da littafinsu a aljihun dashbod, da babi guda a kan jan ta a bayan irin wannan babbar mota? Ni na zauna na karanta da ɗan Turancina na firamare. Ku masu takardar sakandare ko buɗewa ba ku yi, sai dai ku goge hannu da shi.

Kuma su ba igiya suke ɗaurawa ba. Ƙarfe ne mai ƙafa biyu, ana ɗaure shi da faranti da aka ƙulle da noti a jikin shasi, ga wayoyin ƙarfe biyu na ko-ta-kwana. Fitilun baya a haɗe suke da na babbar motar. Ba kowa a cikin ƙaramar, don haka akwai na'urar da ke taka mata birki in na gaba ya taka, kuma in ta tsinke ta tsayar da ita. Sitiyari a sake yake don tayoyin gaba su bi kwana da kansu. Duk da wannan shiri, ba su isa su yi ribas da ita a ɗaure ba, tayoyin gaba za su karkace su lanƙwasa ƙarfen. Wanda motarsa ba ta cikin waɗanda aka yarda, sai ya ɗora tayoyin gabanta a kan ƙaramin amalanke mai taya biyu in mai jan gaba ce, ko ya ɗora ta dungurungum a kan tirela. Ka ga su ma dokar da nake ba ka suke bi, kuɗi kawai suka fi mu kashewa a kanta.

Yadda ake ƙulla igiya da wurin ƙullawa ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda ya shekara a gareji bai san ƙugiyar ja ba, har yana ɗaurawa a tairod ko ƙarfen lagireto, ya koma gida ya nemi wata sana'a. Abu ɗaya zan tuna maka, ƙugiyar da ake murɗawa a bamba, ta wasu motocin Volkswagen zarenta na hagu ne, kada ka tsaya kana kokawa da ita a gaban mai mota kana kunyata ni. Kuma in kai ne a motar baya, ka sani birki zai ba ka taku ɗaya ko biyu masu laushi, daga nan ya zama dutse, sitiyari ma ya yi nauyi, don duk injin ne ke taimaka musu. Ka ɗaura jan ƙyalle a tsakiyar igiya saboda masu babur da 'yan A-daidaita-sahu, su ba su ga rata su bari.

In dole ta sa sai an matsar da atomatik daga tsakiyar titi, a hankali, tazara kaɗan. Tsofaffin Marsandi littafinsu ya ce kada a wuce kilomita 50, gudun kuma kada ya wuce 50 a awa, kuma ni ko rabin haka ba na kaiwa. Mai jan baya, shiga ƙasa ka kwance farfela, dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa tayoyin baya, daga wajen aksul ɗin baya, ka yi alama da alli, ka ɗaure ta sama, sai ka ja ta har Legas in ka ga dama. Mai jan gaba, a ɗaga gaban. Mai jan ƙafa huɗu kullum, da mai giyar bel, da waɗannan masu haɗa batir da fetur, a kan janwe mai shimfiɗa kawai, ba ciniki. Manuwal ma da kuke ɗauka ba ta da matsala, a wasu masu jan baya haƙoran da ke watsa mai injin ne ke juya su, tafiya mai nisa a firi tana cinye boris.

Daga yau ga aikinka. Duk motar da ta shigo nan ba da ƙafarta ba, ko uban wa ya kawo ta, kada sifana ta taɓa ta sai mai ita yana tsaye. Ka zaro sandar man giya a gabansa, ka ɗiga a farar takarda, ya gani ya sansana. In irin sababbin nan ne marasa sanda, ka kira ni in buɗe noti da kaina. Ka leƙa ƙugiyar ja, ka ɗauki hotonta da wayar nan taka, ta yi amfani ko sau ɗaya. Ka tambaye shi wa ya kawo ta, daga ina, a kan me, ka rubuta a littafin gareji ya sa hannu, maigadi ya zama shaida. In ya ƙi sa hannu, a tura masa motarsa waje.